Waiwaye Kan PDF: Yadda Haruffa Suka Fara Tafiya Tare da Takarda

Injiniya ya rubuta 10 kΩ a takardar bayanin na'ura, ya mai da ita PDF ya tura, can inda aka buɗe sai ga 10 kW. Mai haɗa magunguna ya rubuta 5 µg, aka karanta 5 mg, wato an ninka awon sau dubu. Ɗalibin Hausa ya rubuta ƙasa, ta fito da ɗan akwati a gurbin ƙ. Babu wanda hannunsa ya zame a cikinsu. Takardar ce ta tafi ta baro zubin haruffanta a gida, abin da ma'aikatan kwamfuta ke kira font. Wannan matsala ta girmi PDF ɗin kanta, kuma wanda ya san inda ta faro ba zai sha wahalar magance ta ba.

A 1982 John Warnock da Charles Geschke suka kafa kamfanin Adobe a Kaliforniya ta Amurka. Suka fito da PostScript, harshen da kwamfuta ke bayyana wa firinta yadda shafi zai kasance. Da Apple ya fitar da firintar LaserWriter a 1985, zubi goma sha uku ne ke zaune a cikinta: Times huɗu, Helvetica huɗu, Courier huɗu, sai Symbol mai ɗauke da haruffan Girka da alamomin lissafi. Fayil ba ya ɗaukar siffar harafi, sunan zubin kawai yake faɗa, firinta ta zaro daga taskarta. Tsarin na tafiya lafiya muddin abin da aka kira yana nan.

A farkon shekarun 1990 Warnock ya rubuta wata gajeriyar takarda kan shirin da ya kira Camelot, yana neman fayil da zai fito iri ɗaya a kowace kwamfuta. Daga nan aka haifi PDF da manhajar Acrobat a watan Yunin 1993. Tun ranar farko akwai damar dasa zubi cikin fayil, amma zamanin faifan floppy ne mai cin megabait 1.44, ga intanet ta layin tarho mai tafiyar hawainiya. Don tsimi sai aka ware zubi goma sha huɗu, wato waɗancan na LaserWriter da ƙarin ZapfDingbats, aka ce kowace manhajar karanta PDF ta tanade su, mai rubutu ba sai ya ɗauko ba. Sauran kuwa, in ba a dasa su ba, fayil yakan riƙe faɗin kowane harafi, Acrobat ya miƙe ko ya matse wasu zubi biyu na wucin gadi su cike gurbin. Layi ba ya gocewa, shafi ba ya ƙaruwa. Dabara ce mai kyau ga Turanci. Sai dai na wucin gadi ba ya ƙirƙiro harafin da ba shi da shi.

A nan matsalar injiniyanmu take. Tsohon zubi gurbi 256 kacal yake da shi, fayil kuma lambar gurbi yake ajiyewa. Symbol ya zaunar da Ω a gurbin da sauran zubi ke ajiye W, ya zaunar da µ a gurbin m. Da zarar an rasa Symbol aka ari wani, sai lambar ta kira ainihin mai gurbin. Ba akwati, ba alamar tambaya, ba abin da zai ja ido. Kuskure ne mai kama da daidai, shi ya sa ya fi kowanne haɗari a takardun fasaha.

Apple ya fito da tsarin zubi na TrueType a 1991, Microsoft ya sa shi a Windows 3.1 a 1992, zubi ya wadata a hannun kowa. Sai kamfanonin da ke zana haruffa suka ga wata ɓaraka: in aka dasa zubinsu cikin fayil, ai an raba shi kyauta ke nan. Aka sa wata alama a cikin kowane zubi mai faɗar iyakar izini: wani a dasa yadda aka ga dama, wani a dasa a yi gyara da shi, wani don dubawa da bugawa kawai, wani kuma an hana baki ɗaya. Har yau in manhaja ta ƙi dasa wani zubi ba tare da bayani ba, wannan alamar ce abin fara dubawa. Wata hanyar da ta rage nauyi ta kuma kwantar wa masu zubi hankali ita ce tsakure, wato a ɗauki haruffan da takardar ta yi amfani da su kaɗai. Shaidarta manyan haruffa shida da alamar tarawa a gaban sunan zubin. Illarta ba ta fitowa sai an zo gyara kalma a cikin PDF ɗin, a tarar harafin da ake so bai shigo ayarin ba.

Masu lissafi da kimiyya nasu ciwon daban ne. Manhajar TeX, wadda Donald Knuth ya fara a 1978, a da tana fitar da zubin Computer Modern a matsayin ɗige-ɗige daidai da ƙarfin firinta. A PDF irin wannan yakan shiga a rukunin Type 3. A takarda yana fitowa tsaf, a fuskar kwamfuta kuwa dishi-dishi, in aka ƙara girma sai gefensa ya zama tsani-tsani. Sauƙi ya zo a 1997, lokacin da Ƙungiyar Lissafi ta Amurka da abokan haɗin gwiwarta suka saki Computer Modern kyauta a tsarin Type 1, sannan pdfTeX ta Hàn Thế Thành ta ba da damar fitar da PDF kai tsaye. Amma ciwon bai mutu ba, ɗaki ya sauya, ya koma cikin zane-zane. Jadawalin da aka yi a wata manhaja aka liƙa a takarda yakan zo da nasa zubin, ko ya kira Helvetica ya bar ta ba dashe. Manhajar zane ta Matplotlib ma, in ba a sauya mata saiti ba, Type 3 take fitarwa. Shi ya sa mai kai maƙala ga mujallun IEEE zai ga an dawo masa da ita kan zubin da bai san ma yana ciki ba.

Duk wannan tarihi ya bi ta kan Hausa, da nauyi ma. Haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, sun zauna a rubutun boko tun shekarun 1930, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fita a Zariya a 1939 ta sabar wa mutane da su. Zamanin tafireta, akawu yakan gama bugu ya bi da biro yana ɗora lanƙwasa. Da kwamfuta ta zo, babu ko ɗaya cikin zubi goma sha huɗun nan da ya san da su. A shekarun 1990 Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ta Kano ya ƙera zubin Hausa, Rabi'at da Abdalla, waɗanda marubuta da maɗaba'u suka daɗe suna mora. Hanyar da ake da ita a lokacin ita ce ta Symbol: a tashi wata alama da Hausa ba ta cika buƙata ba, a zaunar da mai lanƙwasa a gurbinta. Aikin ya biya buƙatar zamaninsa. Amma in zubin bai bi fayil ba, sai ka ga }asa da ]aya da kar~a. In ma ya bi, ido zai ga ƙasa, amma kwamfuta }asa take gani. Ka nemi kalmar ba ka same ta ba, ka kwafo ta ta zo a karye.

Ashe ɗaukar siffa kaɗai bai isa ba, sai an haɗa da shaidar ko wane harafi ne. Unicode, wanda ya fito a 1991, ya ba kowane harafi lambarsa, har da namu da ƴ ta 'yan'uwanmu na Nijar. PDF 1.2 ta 1996 ta ƙaro wani jadawali mai haɗa kowace siffa da lambarta ta Unicode, shi ne ke sa nema da kwafa su yiwu. Sai dai Unicode ya raba gidan haruffanmu: ƙananan ɓ da ɗ suna sashen alamomin nazarin furuci, manyansu da ƙ da ƴ suna wani sashen na Latin. Mai zana zubi kan cika ɗaya ya bar ɗaya. Shirin rubutu na Word kuma ba ya shawara, yakan aro harafin da ya rasa daga wani zubin, sai ka ga ɗ ta fi 'yan'uwanta kauri ko ta ɗaga daga layi. Maganin ya zo da lasisin zubi na kyauta da ƙungiyar SIL ta fitar a 2005. Charis, Doulos, Gentium, Andika da Noto na Google duk suna ɗauke da haruffanmu, kuma ba sa hana dashe.

Daga ƙarshe hukumar ISO ta mai da shawara doka. PDF/X-1a ta 2001, ta maɗaba'u, ta ce kowane zubi sai an dasa. PDF/A ta 2005, ta adana takardu na dogon zango, ta ce haka, ba ta ware ko goma sha huɗun nan ba. A 2011 aka ƙaro PDF/A-2u, wadda ta wajabta wa kowane harafi lambar Unicode. Shekara goma sha takwas aka yi daga haihuwar PDF kafin a kai ga abin da Bahaushe ya daɗe da faɗa, guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Saboda haka in PDF ta lalace, tambaya uku ce. An dasa zubin? Shafin bayanan fayil a Acrobat zai nuna, haka ma ƙaramar manhajar pdffonts, wadda ke jera kowane zubi ta faɗi ko an dasa, ko an tsakure, ko yana da jadawalin Unicode. Zubin yana da harafin? Baƙon suna a jerin alama ce ta aro. Harafin yana ɗauke da shaidarsa? Kwafo kalma mai ƙ ko Ω ka sauke a wani wuri ka gani. Ka kuma buɗe fayil ɗin a waya, don kwamfutar da ta haife shi tana da zubin, ba za ta tona masa asiri ba. Mai da rubutu hoto ko zane yana rufe matsalar ido, amma yana kashe nema da kwafa, makaho mai manhajar karatu ma ya rasa abin ji.

Saura aiki ɗaya da babu ƙa'idar ISO da za ta yi mana. Kundayen digiri da littattafan Hausa da aka buga da tsohon zubi za su iya cin jarrabawar PDF/A, alhali har gobe }asa ce a cikinsu. Gyaran ba shi da wuya in fayil ɗin asali yana nan: a musanya alamomin nan da haruffan Unicode, a sa zubi mai izinin dashe, a sake fitarwa. Sassan Hausa na jami'o'i da maɗaba'u da ɗakunan karatu su fara wannan aiki tun tsofaffin faifan suna buɗuwa.