Matsayin harsunan Nijar a gaban doka

Tun daga samun ƴancin kai a 1960 har zuwa 2025, Faransanci ne harshen hukuma a Nijar. Da shi ake rubuta doka, da shi alƙali yake rubuta hukunci, da shi ake cika takardar haihuwa a ofishin magajin gari. Harsunan da jama'a ke yi a gida da kasuwa sun daɗe kafin su samu gurbi a cikin doka.

Makaranta ce ta fara buɗe musu ƙofa. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram, inda yara suka fara karatu da Hausa kafin Faransanci. Dokar tsarin ilimi ta 1 ga Yuni 1998, wadda malamai suka fi sani da LOSEN, ta ce harsunan koyarwa su ne Faransanci da harsunan ƙasa. A Oktoba 1999 ministan ilimi ya tsayar da ƙa'idar rubutun Hausa, wadda a cikinta ake rubuta ƴ mai ƙugiya a inda maƙwabtanmu na Najeriya suka saba sa 'y.

Babbar dokar ita ce mai lamba 2001-037 ta 31 ga Disamba 2001. Ta lissafa harsunan ƙasa goma: Larabci, Buduma, Fulatanci, Gurmanci, Hausa, Kanuri, Zabarmanci da Sonrai a matsayin harshe ɗaya, Tamajak, Tasawak da Tubanci. Ba ta duba yawan masu magana ba. Tasawak, da ake yi a Ingal, da Buduma na mazauna tafkin Chadi, sun tsaya sahu ɗaya da Hausar da fiye da rabin ƴan ƙasa ke ji. Kundin tsarin mulki na 25 ga Nuwamba 2010 ya ƙara jaddada haka a ayarsa ta 5: kowace al'umma tana da ƴancin amfani da harshenta, harsunan duka daidai suke, Faransanci kuma shi ne na hukuma.

Juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ya jingine wancan kundin. Wanda ya maye gurbinsa, Charte de la Refondation, Janar Abdourahamane Tiani ya sa masa hannu ranar 26 ga Maris 2025, kwanaki kaɗan bayan ficewar Nijar daga ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci. Ayarsa ta 12 ta kasa harsuna gida uku. Hausa ce harshen ƙasa. Ingilishi da Faransanci harsunan aiki ne. Sauran, irin su Zabarmanci, Fulatanci, Kanuri da Larabci, an kira su harsunan da ake magana da su a Nijar.

Nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. Hausa ba ta zama harshen hukuma ba. Sunan harshen ƙasa kuwa tana da shi tun tuni. Abin da ya sauya shi ne ta rage ita kaɗai da sunan, Faransanci ya sauka daga kujerar hukuma zuwa ta aiki, Ingilishi ya shigo gefensa. Shi ya sa ayar ta jawo muhawara, musamman a yammacin ƙasar inda Zabarmanci ya fi ƙarfi. Mali ta bi wata hanya dabam: kundinta na 2023 ya mai da harsunan ƙasa goma sha uku na hukuma gaba ɗaya, ya bar Faransanci a matsayin harshen aiki.

Ga mai neman takarda a Maraɗi ko Tawa, kalmar da ta fi shafarsa ita ce "aiki". Muddin da harshen aiki ake rubuta sammaci, takardar fili da jarrabawar BEPC, wanda bai yi boko ba sai ya nemi mai karanta masa. Kundin ma kansa da Faransanci ya fito a jaridar gwamnati.