Tsohon Injin Gas da Sabo: Me Ya Sa Direbobin Jeji Ba Su Yarda Su Rabu da Tsohon Ba?

Idan ka tambayi direban da ke shiga Sahara daga Agadez wace mota ya fi amincewa da ita, da wuya bai ambaci Land Cruiser mai tsohon inji ba. Shi kuwa injiniya zai ce maka sabon injin ya fi ƙarfi, ya fi tsimin mai, hayaƙinsa kuma ya fi tsabta. Dukansu gaskiya suka faɗa. Tarihin injin ne zai nuna maka yadda aka yi maganganun biyu suka zama daidai.

Mu fara da yadda injin gas yake aiki. Shi ba ya da fulogi mai ba da tartsatsi irin na injin fetur. Fistin ne ke matse iska a cikin silinda har ta yi zafin da ya wuce digiri 500, sai a fesa mata man gas, ya kama da kansa. Bajamushe Rudolf Diesel ne ya fito da wannan dabara, injinsa kuma ya yi aiki yadda ya kamata a 1897 a birnin Augsburg. Matsalar da ta daɗe tana ci wa injiniyoyi tuwo a ƙwarya ita ce fesa man: nawa za a fesa, yaushe, kuma da wane ƙarfi? A 1927 kamfanin Bosch ya fara ƙera famfon fesa mai da yawa don kasuwa, daga nan injin ya samu shiga motoci sosai. Land Rover ta sa injin gas a motarta a 1957, Toyota ma ta sa wa Land Cruiser a shekarun 1970.

Wanda ya fi suna a wannan zuriya shi ne injin Toyota mai suna 1HZ, wanda ya fito a 1990. Silinda shida gare shi, lita 4.2, ba shi da tabo, ƙarfinsa kuma kusan doki 130 ne kacal. Famfonsa ƙarfe ne zalla, juyawar injin ce ke juya shi. Ba kwamfutar da ke ba shi umarni. Wutar da yake nema ta tayarwa ce, sai ɗan bawul ɗin da ke buɗe wa mai hanya. Ka ga ke nan idan ya tsaya a daji, abin da za a bincika kaɗan ne: mai na zuwa? Iska ta shiga layin mai? Filta ta toshe? Bakanike mai sifana da kunne mai kyau zai iya gano damuwar a gindin bishiya. Sannan injin babba ne amma ba a matsa masa, shi ya sa yake daɗewa.

To, me ya sa aka bar shi? Amsar tana bakin salansa. Tsohon inji na fitar da baƙin hayaƙi mai ƙananan ɓurɓushi da ke shiga can cikin huhu, ga kuma iskar da ake kira NOx mai tayar da asma. A 2012 cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya hayaƙin injin gas cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo kansa. Tun kafin nan Turai ta fara ɗaure wa masu ƙera motoci hannu da dokar Euro 1 a 1992, kowace sabuwar doka kuma ta fi ta baya tsauri. Famfon ƙarfe ba zai iya cika waɗannan sharuɗɗa ba, don ba shi da dabarar auna mai daidai da kowane yanayi.

Mafitar ita ce tsarin da ake kira kwaman rel. Kamfanin Denso na Japan ya fara sa shi a babbar mota a 1995, sai ya shiga ƙananan motoci a 1997 da Alfa Romeo 156. A nan famfo ɗaya ne ke tara mai a cikin bututu guda ƙarƙashin matsi mai tsanani, kwamfuta kuma ta riƙa buɗe kowace nozul a lokacin da ya dace, har sau da dama kafin fistin ya gama bugu ɗaya. Matsin yakan kai ba 2,000 ko fiye. Don ka gane girman abin, tayar motarka ba ta wuce ba 2 zuwa 3. Man da aka fesa da irin wannan ƙarfi yakan zama kamar hazo, ya ƙone sosai. Dubi sakamakon: injin Hilux na yanzu mai lita 2.8 da silinda huɗu yana ba da doki kusan 200, ƙarfin jansa ya kai 500 a ma'aunin Nm, alhali na 1HZ bai kai 300 ba. Ƙaramin inji ya kayar da babba, kuma ƙararsa ba ta kai ta wancan ba.

Sai dai kowace riba da kuɗinta. Tazarar da ke tsakanin sassan sabon famfo da nozul ta fi silin gashi ƙanƙanta nesa ba kusa ba, kuma man gas ɗin da kansa ne ke zame musu man shafawa. Ɗan ruwa a cikin mai, ko ƙura, ko kananzir da wani ɗan bumburutu ya gauraya, ya isa ya cinye famfon. Idan ya fara ci, garin ƙarfe zai bi layi ya lalata nozul duka. Tsohon inji ma ba ya son gurɓataccen mai, amma yakan yi tari ya ci gaba da tafiya.

Ga kuma na'urorin tace hayaƙi. Daga dokar Euro 5 ta 2009, kusan kowace sabuwar motar gas a Turai tana da matatar da ke kama baƙin hayaƙi, wadda dole ta riƙa ƙone abin da ta tara da zafin kusan digiri 600. Wannan na son tafiya mai ɗan gudu ba tsayawa. Motar da ke wuni tana rarrafe a rairayi ko laka takan toshe matatar, kwamfuta ta rage wa injin ƙarfi. Euro 6 ta 2014 ta sa motoci da yawa sun koma amfani da ruwan AdBlue, wanda idan ya ƙare wasu ba za su sake tashi ba.

Duk waɗannan an ƙera su ne da zaton man da za a zuba mai tsabta ne. A Turai tun 2009 sinadarin sulfa, wato farar wuta, ba ya wuce kashi 10 cikin miliyan a man gas. A lokacin Najeriya tana halatta har 3,000. A 2016 ƙungiyar Public Eye ta Suwizalan ta gwada mai a ƙasashen Afirka takwas, ta samu wanda sulfarsa ta ninka ƙa'idar Turai sau 378. A 2020 ƙasashen ECOWAS suka amince da iyakar kashi 50 cikin miliyan. Sulfa mai yawa tana kashe na'urorin tace hayaƙi, shi ya sa za ka ga an cire su daga motocin da aka shigo da su, hayaƙin ya koma huhun masu tafiya a ƙasa.

Saboda haka idan za ka sayi motar shiga jeji, kar ka tsaya kan wanne inji ya fi. Tambayi kanka: ina zan riƙa shan mai, kuma kilomita nawa ne tsakanina da garejin da ke da kwamfutar duba mota? Idan aikinka tsakanin Kano da Abuja ne, kana shan mai a gidan mai na ƙwarai, sabon inji zai rage maka kashe kuɗi. Ka dai riƙa canza filtar mai a kan lokaci, ka zubar da ruwan da ta tara. Idan kuwa hanyarka ta Bilma ce, inda lalacewar mota ke iya zama ajali, zaɓin direban Agadez yana da hujja. Amma ranar da mai mai tsabta da ƙwararrun makanikai suka kai ko'ina, hujjar tsohon inji za ta ragu ƙwarai, domin hayaƙinsa mu ne dai ke shaƙarsa.