Tarihin Tamowa da Zawo a Kudancin Katsina

Tun zamanin kakanni ƙasar Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa ƙasar noma ce. Ko a yunwar 1914, wadda ake kira Kakalaba, kudu mutanen arewa suka yi ta gangarowa neman hatsi. Amma duk da albarkar ƙasar, a kowace damina akan ga yaro ya kama zawo, ya rame, gashinsa ya yi ja, ƙafafunsa su kumbura. Mutanen da sukan ce fitar haƙori ne, ko kuwa uwarsa ce ta yi kwanika, nononta ya ɓaci.

A shekarar 1933 wata likita, Cicely Williams, ta bayyana irin wannan ciwo a ƙasar da yanzu ake kira Ghana, inda shi ma ake danganta shi da yaye. Ta ce rashin abinci mai gina jiki ne. Sauran bayanin kuwa a nan kusa aka sami wani sashe nasa. Likita Andrew Tomkins ya bi lafiyar yara a ƙauyukan Malumfashi, maƙwabciyar Ƙanƙara, ya buga sakamakon a 1981: yaron da ya rame, zawonsa ya fi daɗewa.

Dalilin shi ne, ƙwayoyin cuta na ruwa marar tsabta da kunun da ya kwana suna cinye bangon hanji. Hanjin da ya lalace ba ya tsotse amfanin abinci, jikin da bai ƙoshi ba kuwa ba ya iya gyara hanjin. Watau zawo na kawo tamowa, tamowa na riƙe zawo. Don haka likitoci suka yi umurni da nono zalla har wata 6, da ruwan gishiri da sukari, tun 2004 kuma aka ƙara da maganin zinc.

Sa'an nan 'yan bindiga suka addabi waɗannan garuruwa, har suka sace ɗaliban Ƙanƙara a Disamba 2020. Manoma da yawa suka bar gonakinsu da rijiyoyinsu. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta ce yara 652 suka rasu da tamowa a asibitocinta na Jihar Katsina cikin wata 6 na farkon 2025.

To, jama'a, cika rumbu wajibi ne, amma rumbu kaɗai ba ya raya yaro. Sai an haɗa da rijiya mai murfi, da salga, da wanke hannu da sabulu, da zaman lafiyar da za a yi noma.