Tiramol da Farfaɗiya: Tarihin Magunguna Biyu da Ba Sa Shiri

A daminar bara, wani ɗan uwanmu da ke noma a wani ƙauye tsakanin Kabo da Gwarzo ya faɗi a gona. Yana da farfaɗiya tun yana yaro, amma ya kusa shekara huɗu ciwon bai tashi ba, domin ba ya wasa da maganinsa, wato ƙwayar Tegretol safe da dare. Da aka dawo da shi gida kowa ya kawo nasa bayanin. Wasu suka ce iska ne, wasu suka ce ai maganin asibitin ne ya daina aiki. Sai da aka zauna da shi a natse sannan ya ce sati biyu ke nan bayansa na ciwo saboda huɗa, wani abokin aikinsa ya ba shi tiramol. Ƙwaya ɗaya ba ta yi masa komai ba, sai ya koma biyu, daga nan uku.

Wannan bawan Allah ba ɗan ƙwaya ba ne. Ciwo yake ji, yana neman sauƙi. Abin da bai sani ba shi ne magungunan nan biyu ba sa ga maciji da juna. Domin mu gane yadda aka yi suka haɗu a jikin manomin yammacin Kano, sai mun ɗan koma baya.

Magungunan farfaɗiya

Ƙwaƙwalwa da lantarki take aiki. Ƙwayoyin halittarta suna aika wa juna saƙo ta 'yar ƙaramar wutar lantarki, cikin tsari. Farfaɗiya na tashi ne idan tarin ƙwayoyin nan suka saki wutar gaba ɗaya babu tsari. Mai karatu ya ɗauki ƙwaƙwalwa kamar dam ɗin Challawa da ke Ƙaraye: akwai ruwa, akwai bangon da ke tare shi. Kowa yana da nasa bangon, amma na mai farfaɗiya gajere ne, ruwa kaɗan zai ƙaru ya tsallake. Aikin maganin farfaɗiya shi ne ƙara wa bangon tsawo.

Magani na farko da ya yi wannan aiki shi ne gishirin buromaid, wanda wani likitan Ingila, Charles Locock, ya ba da labarinsa a 1857. A 1912 wani matashin likita a Jamus, Alfred Hauptmann, ya riƙa ba masu farfaɗiya wani sabon maganin barci domin su samu su runtsa da dare, sai ya lura faɗuwar tasu ma ta ragu. Wannan shi ne fenobabital, wanda har gobe ana ba da shi a asibitocinmu saboda arha. A 1938 likitoci biyu a Amurka, Merritt da Putnam, suka gano amfanin fenitoyin. A 1953 kuma Walter Schindler ya haɗa kabamazafin a kamfanin Geigy da ke Basel ta ƙasar Suwizalan, aka fara sayar da shi a farkon shekarun 1960 da sunan Tegretol.

Waɗannan ukun, fenobabital da fenitoyin da kabamazafin, suna da wani hali guda da za mu dawo kansa: suna sa hanta ta ƙara saurin narkar da wasu magunguna.

Haihuwar tiramadol

A 1962 masana a kamfanin Grünenthal na Jamus suka haɗa wani sabon maganin ciwo. Sai a 1977 ya shiga kasuwa da sunan Tramal, kuma daga wannan suna ne muka samu "tiramol" ɗin da ake faɗa a bakin kemis. Amurka ba ta amince da shi ba sai 1995.

An tallata shi a matsayin ɗan uwan mofin mai sauƙin hali: yana kashe ciwo, amma wai ba ya kama mutum kamar mofin. Saboda wannan shaida da aka yi masa, ba a taɓa sa shi cikin jerin magungunan da dokar ƙasa da ƙasa ke sa wa ido ba. Mofin sai an ƙirga, an rubuta, an kulle a kabad. Tiramadol kuwa a wancan lokacin ana iya loda shi a kwantena kamar kowane kaya. Da kamfanoni da yawa suka fara yin sa da arha, musamman a Indiya, sai ya malalo Afirka ta Yamma ta tashoshin jiragen ruwa irin su Legas da Kwatano.

Hukumar NAFDAC ta yarda da ƙwaya mai miligiram 50 da mai 100 ne kawai. Amma wanda ya cika kasuwar bayan fage shi ne mai 120, da 200, da 225, har da 250. Leburori da masu tura baro da 'yan ƙwadagon gona suka gano yana ɗauke gajiya, mutum ya wuni yana aiki bai ji a jikinsa ba.

Wani labari daga maƙwabtanmu zai nuna yadda abin ya yi nisa. A 2013 wasu masu bincike suka ba da sanarwar cewa sun samu tiramadol a saiwar tafashiya a arewacin Kamaru, har aka fara murna wai ashe bishiyar da muke magani da ita ce ke yin sa da kanta. A 2014 sai wasu masanan daga Jamus, ƙarƙashin Michael Spiteller, suka koma suka duba. Suka tarar manoman yankin suna shan tiramadol, suna kuma ba shanun huɗarsu don kada su gaji. Fitsari da kashin shanun ne suka kai maganin cikin ƙasa da ruwa, saiwar ta zuƙe. Ka ji fa, har ƙasar noma ta sha.

Abin da ke faruwa idan sun haɗu

Tiramadol aiki biyu yake yi a jiki. Na farko, hanta na juya wani kaso nasa ya koma wani sinadari da ke aiki irin na mofin. Na biyu, yana ƙara yawan wasu sinadaran aika saƙo a ƙwaƙwalwa, wato sirotonin da noradirenalin. Matsalar ita ce yana rage tsawon bangon nan da muka yi magana. Tiramadol na iya sa wanda bai taɓa farfaɗiya ba ya faɗi yana karkarwa, musamman idan ya sha da yawa, wani lokaci ma a kan adadin da likita ya rubuta. To ina ga wanda bangonsa dama gajere ne?

Iyakar abin da aka yarda babban mutum ya sha a rana shi ne miligiram 400. Yi lissafi da kanka: ƙwaya biyu masu 225 sun zama 450, an riga an wuce iyaka. Uku kuwa 675.

Yanzu mu dawo kan hanta. Mutumin da ya jima yana shan Tegretol, hantarsa ta ƙara yawan sinadaran da ke narkar da magani, musamman wanda ake kira CYP3A4. Da tiramadol ya shiga, sai hantar ta yi maza ta narkar da shi ta fitar. Sauƙin ciwon sai ya zama kaɗan, kuma ba ya jimawa. Abin da ya faru da ɗan uwanmu ke nan: ya ga ɗaya ba ta yi ba, sai ya ƙara. Maganin farfaɗiyar ya rage wa tiramol ƙarfin kashe ciwo, shi kuma tiramol ɗin da aka yi ta ƙarawa yana sassaƙe bangon da Tegretol ya gina. Shi ya sa takardar bayanin da ke rakiyar tiramadol ta faɗa ƙarara cewa ba a son a haɗa shi da kabamazafin.

Ga mai shan fenobabital akwai ƙarin haɗari. Shi kansa maganin barci ne, yana rage kuzarin numfashi, tiramadol ma haka. Idan suka taru, barci na iya yin nauyi har numfashi ya yi ƙasa sosai. Haka batun yake da gabafentin da firegabalin, waɗanda asalinsu magungunan farfaɗiya ne amma yanzu an fi ba da su don ciwon jijiya. A Disambar 2019 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi kan haɗa su da dangin mofin saboda matsalar numfashi. Allurar fetidin ita ma tana iya tayar da farfaɗiya, asfirin kuma na iya ƙara wa Epilim ƙarfi a jini fiye da yadda ake so.

Daga 2018 zuwa yau

A ƙarshen 2017 Majalisar Dattawa ta yi zama na musamman a Kano kan shaye-shaye. A ƙarshen Afrilun 2018 BBC ta fitar da bincikenta kan kodin, washegari gwamnatin tarayya ta hana shigo da maganin tari mai kodin da kuma yin sa. A wannan watan na Afrilu ne Indiya ta sa tiramadol ƙarƙashin dokarta ta miyagun ƙwayoyi. Rahoton da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da ofishin UNODC na Majalisar Ɗinkin Duniya suka fitar a Janairun 2019 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 4.6 a Najeriya sun sha magungunan ciwo dangin mofin ba bisa umarnin likita ba a cikin shekara guda, akasari tiramadol.

Duk da haka, a Nuwamban 2018 kwamitin ƙwararru na Hukumar Lafiya ta Duniya ya ƙi ba da shawarar a sa tiramadol ƙarƙashin dokar ƙasa da ƙasa. Hujjarsu abin dubawa ce: a ƙasashe irin namu mofin yana wuyar samu, don haka ga masu ciwon daji da waɗanda aka yi wa tiyata sau da yawa tiramadol ne kawai ke hannu. Maganin yana da amfaninsa, in dai an san wanda ake ba.

A Kano, a Fabrairun 2024 hukumomi suka rufe shagunan magani na Sabon Gari domin tilasta wa 'yan sari komawa sabuwar kasuwar magani ta Dangwauro da ke hanyar Zariya. Amma an toshe nan, ta ɓulle can. A Fabrairun 2025 wani binciken BBC ya nuna yadda ake shigo da wasu ƙwayoyi daga Indiya, irin su Tafrodol, da aka haɗa tafentadol da karisofurodol a ciki. Su ma suna iya tayar da farfaɗiya, su kuma danne numfashi. Nan da nan Indiya ta hana yin haɗin.

Shirun da ke tsakani

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum miliyan 50 ke da farfaɗiya a duniya, kuma har kashi 70 cikin 100 za su iya rayuwa ba faɗuwa idan sun samu magani yadda ya kamata. Wani nazari da Farfesa Lukman Owolabi na Asibitin Malam Aminu Kano ya jagoranta, wanda ya fito a 2019, ya ƙiyasta mutum 8 cikin kowane 1,000 a Najeriya. Ke nan duk garin da ya kai mutum dubu goma, a yi tsammanin masu ita kusan tamanin.

Amma nawa ne a cikinsu za su faɗa? A wajenmu farfaɗiya ciwo ne da ake ɓoyewa, don gudun kada a rasa miji ko mata, don kuma har yanzu akwai masu ganin ana ɗaukar ta ta yawu, alhali ba a ɗauka. Mutum zai je asibitin Gwarzo ko ya shigo Kano ya karɓi maganinsa a asirce. Ranar da bayansa ya ƙage kuma sai ya je kemis ɗin unguwa, inda mai shagon ya san shi ya san gidansu. Ba zai ce yana da farfaɗiya ba, mai kemis ma ba zai tambaya ba. A cikin wannan shirun magungunan biyu ke haɗuwa.

Saboda haka, idan kana shan maganin farfaɗiya, ko kana da mai sha a gida, duk inda za a ba ka maganin ciwo ka nuna kwalin naka tukuna. Idan faɗar sunan ciwon na yi maka nauyi, kwalin zai yi bayani. Farasitamol a kan ƙa'ida ba ya taɓa bangon nan, haka ibufurofen ga wanda ba shi da olsa ko ciwon ƙoda. Kada ka ajiye maganin farfaɗiya don kana shan wani. Wanda ya jima yana shan tiramol kuma kada ya yanke rana ɗaya, ya je a rage masa a hankali. In mutum ya faɗi, a kwantar da shi ta gefe, kada a cusa masa cokali ko wani abu a baki. Idan karkarwar ta wuce minti biyar, ko numfashinsa ya yi ƙasa, a yi asibiti da shi, a tafi da duk ƙwayoyin da aka samu a aljihunsa.

Shi ɗan uwan namu, likita bai canza masa Tegretol ba. Tiramol ɗin aka janye, aka ba shi wani maganin bayan, aka ce ya huta kwana goma. Ya koma gona kafin a yanke gero, kuma zuwa yau da nake wannan rubutu ciwon bai sake tashi ba.