Ƙullin Waya a Shingen Makiyayan Niyu Zilan

Tun da masu kiwon tumaki a Niyu Zilan suka koma ga waya a ƙarni na 19, musamman a filayen da itace ya yi ƙaranci, ƙarfin shingensu ya rataya ne a kan ƙulli. Waya ba ta cika tsinkewa a miƙe ba, sai inda aka lanƙwasa ta sosai. Tsohuwar waya mai lamba 8 tana da taushi, duk yadda aka murɗe ta takan jure. Amma da na'urorin ɗame waya suka bazu, irin mai sarƙa da Ernest Hayes na Oturehua ya fitar a 1924, daga baya kuma siririyar waya mai tauri ta shigo, sai sakacin ɗauri ya fito fili. Gwaji ya nuna ƙulli mai siffar 8 ya fi na gama-gari riƙo, domin lanƙwasarsa ba ta da kaifi.

Wani zai ce ingancin ƙarfe da zurfin turaku su ne magana. Haka ne, sai dai kowane ƙulli yana rage wa waya ƙarfi, komai kyanta. Shi ya sa masu kafa shinge da yawa a yau suke matse bakunan waya biyu cikin ɗan bututun ƙarfe maimakon ƙullawa.