Bikin Diwali a Delhi: abin da mai zuwa jinya ko sari ya kamata ya sani

Da yawa cikin masu saurarenmu sun san Diwali ko da ba su san sunansa ba. Shi ne bikin nan da kuke gani a finafinan Indiya, gida ya cika da ƙananan fitilu, sama ta ɗauki wasan wuta. To yanzu da ƴan Nijar ke zuwa Delhi neman magani, wasu kuma sarin kaya, bikin ya wuce abin kallo, yana iya dagula wa mutum tafiya in bai shirya ba.

Diwali na cikin manyan bukukuwan mabiya addinin Hindu. Da lissafin wata suke sa ranarsa, amma suna daidaita shi da na rana, shi ya sa ba ya zagaya shekara kamar sallarmu. Kullum tsakanin tsakiyar Oktoba da tsakiyar Nuwamba yake faɗowa, a daren da wata ya ɓace. A 2025 an yi shi ran 20 ga Oktoba a Delhi, na 2026 kuma ran 8 ga Nuwamba ne. A arewacin Indiya suna danganta shi da komowar Rama garin Ayodhya bayan shekara 14 a gudun hijira, sannan a daren ne suke bauta wa Lakshmi, wadda suke ɗauka a matsayin mai ba da arziki.

Kwana biyar ake yi. Ranar farko, Dhanteras, ta sayen zinari ce da sabbin kwanoni. Ta uku ita ce babbar. Ana share gida, a zana ado da garin launi a bakin ƙofa, a jera ƴan kaskon yumɓu da mai da lagwani, a yi ta rabon alawa. Gaskiya garin yana da kyan gani. Wanda ya shiga kasuwar Chandni Chowk a satin zai sha kallo, sai dai cunkoson ba na wasa ba ne, a riƙe fasfo da kuɗi da kyau.

Inda muke so ku tsaya ku ji da kyau shi ne batun iska. Lokacin Diwali ya zo daidai da lokacin da manoman jihohin Punjab da Haryana ke ƙona karan shinkafa bayan girbi. Sanyi ya fara shigowa, iska ta kwanta, hayaƙin gonaki da na motoci ya taru bisa birnin, sai ga na wasan wuta a kai. Ma'aunin gurɓatar iska na Indiya yana tsayawa a 500, kuma a Nuwamba unguwannin Delhi kan haura 400, matakin da ke cutar da mai lafiya ma, balle majinyaci. Akwai shekarun da aka rufe makarantu saboda haka. Kar ku ɗauka irin hazon hunturunmu ne, wannan hayaƙi ne mai yaji a ido da maƙogwaro. Kotun ƙolin Indiya ta sha taƙaita wasan wutar tun 2018, amma a daren bikin ƙara ba ta yankewa har tsakar dare.

Saboda haka, in majinyacinku mai fuka ne, ko ciwon zuciya, ko tsoho, ko jariri, mu a ganinmu gara ku tambayi likitan tun kuna gida ko randebu ɗin zai iya matsawa. In aikin ba ya jira, a tafi, amma a nemi takunkumi irin N95, a rufe taga, a rage fita da sassafe da dare.

Ranar babban bikin hutu ce ta ƙasa. Bankuna da ofisoshin gwamnati a rufe suke, ganin likita na yau da kullum yakan tsaya a asibitoci da yawa, sashen gaggawa ne ke aiki. A sayi magani, a canza kuɗi kwana biyu kafin ranar. Lambar gaggawa a Indiya 112 ce. Mai niyyar wucewa wani gari kuwa ya yanki tikiti da wuri, don ma'aikata na komawa ƙauyukansu, kuma kwana shida bayan Diwali akwai wani bikin, Chhath, da ke cika jiragen ƙasa masu zuwa Bihar maƙil.

Salla da abinci ba su da wuya. Ga babban masallacin Jama Masjid a tsohon gari, ga unguwar Nizamuddin, duk akwai gidajen abincin Musulmi. Naman saniya ne dai dokar Delhi ta hana, don haka kilishin tsaraba ya tsaya Maraɗi. In maƙwabci ya miƙo muku alawar biki, karamci ne. Wanda ke shakkar ko an kai ta wurin bauta, ya yi godiya da fara'a ya ba da uzuri.

Ku kuma ƴan uwa da ke gida, agogon Delhi ya riga namu da awa huɗu da rabi. Ƙarfe takwas na dare can, uku da rabi ce ta la'asar a Damagaram. In kun kira a wannan lokaci kuka ji kamar harbin bindiga a bayan muryar mutuminku, kar hankalinku ya tashi, wasan wuta ne.