Daga Akwati Zuwa Bishiya: Tarihin Zanen Rabe-raben Halittu

Akwai wani jadawali da ɗalibi yakan ci karo da shi a littattafan ilimin halittu, wanda ke jera tsare-tsaren rarraba halittu kafaɗa da kafaɗa: Linnaeus a 1735, Haeckel a 1866, Whittaker a 1969, Woese a 1990. Mai kallo zai zaci ilimin ya riƙa hawa ne daki-daki, masarautu biyu suka zama uku, uku suka zama biyar. Ni kuwa ina ganin wannan jeri yana tauye tarihin, domin kowane ɗaya daga cikin masanan nan ya zo da surar zane ta kansa, kuma a cikin surar ce hujjarsa take.

Carl Linnaeus, mutumin Suwidin, ya tsara littafinsa Systema Naturae cikin jadawaloli masu gidaje, kamar akwatuna a cikin akwati. Masarautunsa uku ne: dabbobi, tsirrai da ma'adanai. Akwatin yana nuna kamanni kaɗai, ba ya cewa komai a kan dangantakar asali. Charles Darwin ne ya kawo sauyi. A 1837 ya zana 'yar bishiya mai rassa a littafin ajiyar tunaninsa, kuma zane ɗaya tilo da ya sa a littafinsa na 1859 na rassa ne masu rabuwa. Tun daga nan layi a kan takarda ya zama da'awar zuri'a.

Ernst Haeckel na Jamus ya ƙawata bishiyar, ya ba ta gangar jiki da ɓawo, ya kuma buɗe masarauta ta uku, Protista, domin ƙananan halittun da suka ƙi shiga sahun dabba ko na tsiro. Amma a wata bishiyarsa ta 1874 ya ɗora ɗan Adam a can ƙololuwa, sai ido ya karanta sama a matsayin daraja, ƙasa kuma ƙasƙanci. Shi ma Robert Whittaker ya ajiye bakteriya a gindi, ya ɗaga tsirrai da dangin naman kaza da dabbobi sama, bisa yadda kowannensu yake samun abinci: wani daga hasken rana, wani ta tsotsa, wani ta haɗiya.

Carl Woese na Amurka ya rushe wannan gini. Daga 1977, ta hanyar kwatanta sinadaran gado, ya nuna cewa abin da ake kira bakteriya gida biyu ne masu nisan asali. A 1990 shi da abokan aikinsa suka gabatar da manyan rukunai uku: Bakteriya, Arkiya da Yukariya. A zanensa tsawon reshe yana auna nisan dangantaka, sai ga dabbobi da tsirrai sun koma 'yan tsiraran rassa a gefe guda.

A nan ne jadawalin kwatanci yake tuntuɓe. Dangin naman kaza sun zauna cikin tsirrai a wurin Linnaeus, Whittaker ya ba su masarautarsu, sannan a farkon shekarun 1990 bincike ya nuna sun fi kusa da dabbobi. Wannan ƙaura ce daga gida zuwa gida, kuma gidajen jadawali masu layi ɗaya ba sa iya nuna ta.

Saboda haka ina ba da shawarwari uku. Da farko, kowace zuri'a ta riƙe launi ɗaya daga farkon zanen har ƙarshensa, a ja mata zare daga tsari zuwa tsari, ko da zaren zai gitta wani. Na biyu, a rubuta ma'aunin kowane tsari a kansa: kamanni, ko hanyar cin abinci, ko sinadaran gado. Na uku, a kwantar da zanen daga hagu zuwa dama bisa shekaru, domin kada wata halitta ta hau kan wata.

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Ɗalibi yakan manta bayanin malami, amma surar da ya gani a shafi tana zama a zuciyarsa shekaru, har ya kai ta ajin da zai koyar. Wannan ne ya sa mai zane yake ɗauke da nauyi daidai da na mai rubuta tarihin.